Layi Na Tara

Malama ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da kimiyyar tsirrai a sakandare. Da ta yi ritaya, ƙanwarta, wadda ita ma ta ajiye aikin nas, ta cike musu fom ɗin aikin sa-kai ba tare da ta shawarce ta ba: wata biyu a wata ƙasa, dashen itatuwa a gindin wani dutse da gobara ta cinye wa gefe guda.

"Yaya, kin gama gyara wa 'ya'yan mutane rubutu, yanzu mai karanta labarai a talabijin kike yi wa gyara. Gara mu je ki gyara wa dutse."

Aka ba su ɗaki mai gadajen ƙarfe biyu, da tagar da ke kallon tankin ruwa, da takalman roba da suka fi ƙafarsu. Dutsen kuwa sai da suka kwana huɗu kafin su ga kansa, don gajimare ba ya sauka daga bisansa.

Shugaban aikin saurayi ne mai fara'a, ba ya rabuwa da usur a wuya, shi ya sa Nas ta laƙaba masa Mai Usur. Ran farko ya tara su a gangare ya nuna musu yadda ake yi: a haƙa rami, a yage ledar, a zaunar da dashen, a tara masa ƙasa ta yi tudu har wuyansa ya ɗara doron ƙasa da yatsu huɗu, sannan a taka.

Malama ta ɗaga hannu, kamar yadda ta so ɗalibanta su riƙa yi.

"Ɗana, me ya sa tudu?"

"Haka ake yi a nan, Mama."

Duk duniya babu amsar da ta tsana kamar wannan. Ita da marigayi maigidanta sun raini itatuwa goma sha ɗaya a bayan gida, a ƙasar da ruwan sama ke ziyara wata huɗu ya tafi, kuma kowanne sai da suka yi masa kwari a gindi don ya riƙe ɗan abin da ya samu. Ta karanta a littafi, ta koyar a aji, ta gwada da hannunta. Tudu ai korar ruwa yake yi.

Aka ba ta layi na tara, can ƙasan gangaren inda ba a cika leƙawa ba, da dashe sittin. Ta yi wa kowanne kwarinsa, zagayayye tsaf kamar bakin kwano.

Nas ta leƙo daga layi na takwas. "Yaya, ba haka yaron ya nuna ba."

"Yaron bai san dalili ba. Ki ji da naki."

Lokacin hutun rana Malama takan tafi rumfar raino, inda wata mata tsararta ke zaune kan bokitin da aka kifa tana cika ledoji da ƙasa. Mai Raino 'yar ƙauyen gindin dutsen ce, tana ɗan ɗingishi, kuma magana ba ta dame ta ba. Shekara uku ta yi tana hawa can sama, inda wutar ba ta kai ba, tana tsinto irin tsofaffin itatuwan da suka rage. Iri ne mai taurin kai, cikin goma da ƙyar uku su tsiro. Abin da ta tara, dashe dubu biyu da 'yan kai, yana jere a kwanya guda, wato filin da aka keɓe masa, a ƙarshen rumfar, kuma layin Malama ne ya fara cin rabonsa daga ciki. Su biyun sukan zauna suna cika leda, Malama na ba da labarin makaranta, ita kuwa tana gyaɗa kai.

A mako na uku ruwa ya sauko. Kwana tara yana zuba, ba tsawa, ba iska, kamar wanda aka ba aikin yi. Da ya ɗauke suka koma gangare, sai ga ganyen layi na tara ya yi rawaya, wuyan kowane dashe ya yi baƙi. Mai Usur ya tuge ɗaya ya sansana saiwar, ya yamutsa fuska. Malama ta dubi ƙasa. Lakar da ruwa ya gangaro da ita ta cike kwarurrukan duka, ta shafe su sumul, ba mai cewa an taɓa haƙa wani abu a wurin.

"Sauran layukan lafiya lau," in ji Mai Usur. "Wannan kaɗai aka ɗebo daga kwanyar ƙarshe. Cutar saiwa ce. Dokar ƙungiya, in an ga haka a ƙone kwanyar duka kafin ta bazu a dutse."

Mai Raino ta matso kusa. Ta karɓi mataccen dashen ta jujjuya shi, ta miƙa masa, ta juya ta nufi rumfa.

Malama ta bi Mai Usur har bakin sito. Ta yi masa bayanin da ko jami'a sai haka: ba a yanke hukunci da hanci, a aika saiwar ɗakin gwaji, dokar da ba ta bambance ciwo da ciwo ba malalaci ne ya rubuta ta. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ta kuma san ba shi ne gaskiyar da ake buƙata ba.

"Gwaji wata guda yake ɗauka, Mama, ruwa kuwa ba ya jira. Da na san wani dalili daban, wallahi ni ma ba na son ƙonawa."

Ta juya ta koma masauki.

A ɗaki Nas na zaune bakin gado tana kankare laka daga takalminta da cokali.

"To, farfesa, kin faɗa masa?"

"Ba a tabbatar ba tukuna. Yana iya zama cutar ce da gaske."

"Ni na yi shekara talatin ina ganin likitoci suna wannan 'yana iya zama'. Ki bari sai an binne mara lafiya, sannan ki tabbatar."

"Ke dai tun kina ƙarama ba ki da kunya."

"Ke kuma tun kina ƙarama ba ki taɓa cewa kin yi kuskure ba. Har Baba ya rasu yana jira."

Malama ta juya wa bango fuska. Abin da ke cin ta ya wuce kunya. Shekara talatin da ɗaya tana gaya wa yara su tambayi dalili, ta kuwa tambaya, ba a ba ta ba. Ina laifinta? Ta daɗe tana juya tambayar, kuma duk ta inda ta ɓullo sai ta tarar da dashe sittin a mace.

Da safe warin hayaƙi ya riga shayi isowa. Ta fita ba ta ko ɗaura ɗankwali daidai ba. A bayan sito an hura wuta, kuma Mai Raino da kanta ke turo baro cike da dashen kwanyar, don ba ta yarda wani ya taɓa mata su ba. Baro biyu sun riga sun shiga. Na ukun ne Malama ta tare da jikinta.

"Ku zo ku gani," ta ce. "Ni ce."

Ta kai Mai Raino da Mai Usur layi na tara, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta sa yatsu ta kwashe lakar. Mai laushin ta fita, bakin kwarin ya bayyana, zagayayye, ruwa na tsatstsafowa a cikinsa. Ta yi na biyu, ta yi na uku. Mai Usur ya ce ya isa, amma sai da ta kai na bakwai.

Mai Raino ta karɓi shebur ta zurfafa ramin kamu ɗaya, ta ciro dunƙulen yumɓu mai sheƙi ta ɗora a tafin Malama.

"Ƙasan dutsen nan duk haka yake. Ruwa in ya shiga ba ya wucewa. Kin zaunar da su a cikin tukunya."

"Na tambayi dalili," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Shi kika tambaya. Ni na koya masa, bara. Kullum kina gefena, 'yar'uwa, kina ba ni labari."

Mai Usur ya sosa ƙeya. Ya ce za a kashe wutar, a ware kwanyar mako biyu a gani, shi kuma zai rubuta wa ofis da kansa.

"Nawa suka ƙone?" Malama ta tambaya.

"Ɗari da ashirin," in ji Mai Raino.

"Zan hau tare da ke mu tsinto wani irin. Ƙafata tana iyawa."

"Iri ba ya faɗowa sai nan da wata biyar."

Saura mako huɗu su tafi. Malama ta tsaya da yumɓun a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi, daga bisani ta mayar da shi ramin. Ta koma bayan sito ta kama baron na uku, ya fi yadda ta zata nauyi. Nas ta zo ta kama hannu ɗaya, suka tura shi zuwa rumfa. Mai Raino ta nuna musu inda za su fara jerawa, daga bakin wurin da ya zama fili.