Nauyin Direba

"Ki hau mana! Sai na kawo miki tsani?"

Muryar Nasani ce ta tsallako katanga ta same ni a kan keken ɗinki. Na leƙa waje. Matarsa, wadda nake kira Yaya, tana tsaye a gefen motar kayansa, hannunta duk kumfar wanki, tana kallon ƙofar direba kamar an ce ta shiga ofishin 'yan sanda. Ba laifinta ba ne. Tun da na tare a layin nan ban taɓa ganin ya bar ta ko jingina da motar ba. Ranar da ta rataya ɗankwali a madubin gefe, sai da duk unguwa ta ji.

Mu muka sa masa Nasani, don ba a taɓa gaya masa magana bai ce "na sani" ba. Likita ya ce masa zuciyarsa ta kumbura, ya kwanta, kada ya ɗaga ko bokiti. Ya ce na sani. Ya dawo gida ya ɗaga gaban mota da jak, ya cire tsofaffin robobin sifirin, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, ya sa sababbi. Ƙafafunsa sun yi suntum, ba sa shiga takalmi, yana taku biyu yana haki, amma bakin nan yana nan yadda muka san shi.

Yaya ta goge hannu a zane, ta kama ƙarfe ta hau. Da safiyar ranar ya sauke motar daga jak, tayoyinta sun taka ƙasa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ja tef ɗin awo tsakanin ƙarfen taya da jikin mota, ya ja tsaki.

"Duk abincin da kike ci, ko nauyin kirki ba ki da shi."

Sai idonsa ya faɗo kaina.

"Ke mai ɗinki, zo ki hau ɗaya gefen. Ke kam Allah ya hore miki."

"Ina kwana dai, Malam. Ya jiki?"

"Jiki nawa ne. Hau."

"Me ya hana ka ɗaure abinka tun motar tana sama, da ka fi samun wurin shiga?"

Ya kalle ni kamar na yi tusa a taro. "Haka jakan makanikan bakin titi suke yi. Ka ɗaure noti mota tana rataye, in ta sauka robar ta murɗe, kafin a jima ta yage, sitiyari ya riƙa ja gefe. Sai ta zauna a kan ƙafarta, da nauyin direba da na yaronsa, sannan a ɗaure. Amma ina za ki sani? Ke da zare."

Na so in koma ciki, amma Yaya ta kalle ni ta gilashi, irin kallon nan na kada ki bar ni. Na hau.

Jama'a, ku zo ku ga ɗakin amarya. Kujera an lulluɓe ta da tawul mai laushi. Ga ƙaramar fanka a manne, ga turare yana lilo a jikin madubi, ko ƙura babu. Ni kuwa na san ɗakin Yaya. Na san kwanon da take ajiyewa a ƙarshen gado in ana ruwa, na san katifar da ta lotsa har tana jin katako.

Ya sake awo, ya ce, "Yawwa. Kada wadda ta motsa. Kada wadda ta sauko sai na ce."

Ya shimfiɗa kwali, ya ja jiki ƙarƙashin mota da doguwar sifanarsa, wadda ke yin ƙas in noti ya kai daidai. Akwatinta ma daban yake, mai soso a ciki.

Muka zauna kamar buhuna. Yaya ta miƙa wuya tana kallon layi.

"Ashe daga nan ana ganin har tsakar gidanki," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Ga kazarki can a kan turmi."

Ta ɗora yatsa a kan sitiyari, ta shafa shi kaɗan.

"Wa ya motsa?" in ji shi daga ƙasa.

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

Muna jin nishinsa yana ja, sai ƙas. Ya yi tari, ya matsa, ya sake ja. Ƙas. Tsakanin ƙara da ƙara yana zagin wanda ya ƙera notin, da wanda ya sayar masa da roba, da likitan da ko taya bai iya canjawa ba. Ya gama gefena, muka ji kwali yana jan ƙasa ya koma gefenta. Ya yi wani dogon nishi. Muka jira ƙas, ba mu ji ba.

"Awo yake yi," in ji Yaya.

Rana ta fara dukan gilashi. Gumi ya jiƙa mini baya, ga fanka a gabanmu, ba mai ikon kunnawa. Can sai ƙauri ya taso daga gidansu.

"Yaya, tukunyarki."

"Bari ya gama."

"Malam!" na kira. "Girki yana ƙonewa!"

Shiru. Mutumin da ko sallama aka yi sai ya sami abin gyarawa a ciki. Na buɗe ƙofa na dira, na zagaya, na durƙusa.

Yana kwance rigingine, bakinsa a buɗe. Sifanar tana maƙale a jikin noti, hannunsa ya zame daga kanta ya faɗi a ƙirji. Idonsa yana kan sifirin. Na kama ƙafarsa na girgiza, na kira shi da ƙarfi. Kuda ya sauka a leɓensa, bai kore shi ba.

Na miƙe ina salati, na buga mata ƙofa.

"Yaya, sauko."

Ta leƙo, hannayenta a cinya. "Ya ce in sauko?"

Sai da na kamo hannunta na jawo ta.

Kafin la'asar gida ya cika. Mutanen da ya kira jakai suna zaune a kan tabarma suna cewa an yi rashin mutumin kirki, mai gaskiya, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. Ƙanensa, wanda rabonsa da gidan tun kafin ciwon, ya iso da kuka har yana riƙe katanga. Na lura duk inda ya riƙe, fuskarsa tana wajen mota. Da ya ɗauka ba mai kallo, ya danna tayar gaba da ƙafa.

Ba a yi sati ba ya dawo, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Yaya ya yi dogon bayani a kan yadda mota ke lalacewa in ba a tuƙa ta. Ta miƙa masa makulli tun bai kai ƙarshe ba.

"Amma bai gama ba," ta ce. "Gefen da na zauna bai yi ƙara ba."

"Wace ƙara kuma, Anti?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ya shiga ƙarƙashi da wata sifana mai tsatsa, ya taka ta da ƙafa har ta yi kuka, ya fito yana karkaɗe riga. Ya kunna fanka, ya ja mota.

Washegari na fito zubar da ruwa na tarar da Yaya tana share wurin. Ƙasar ta yi baƙi da mai, tayoyin sun bar ramuka inda suka daɗe suna zama. Wata kaza ta kwanta a ɗaya daga ciki, 'yan tsakinta suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Yaya ta zagaye su da tsintsiya, ta ci gaba da shara.