Hoton da Orrin Ya Roƙa

"Haba Baba tsoho, ka sake motsi!" in ji mai hoton, yana fito da kansa daga baƙin mayafin na'urar ɗaukar hoto. "Farantin hoto ɗaya ya rage mini, kuma gobe da sassafe zan bar garin nan."

Sunan tsohon Asahel Prouty. Shekararsa ɗari da ɗaya, shi kaɗai ya rage a wannan yanki na jihar Vermont cikin waɗanda suka yaƙi Ingila don neman 'yanci. An tallafe ƙeyarsa da ƙarfe don kada motsi ya ɓata hoton, amma tsufa ba ya jin lallashi, kan sai kaɗawa yake yi. Jikansa Orrin kuwa yana fagen yaƙin basasar da ake yi a Kudu, ya rubuto yana roƙon hoton kakansa jarumi, ya sa a aljihu ko ya samu ƙarfin zuciya.

"Baba, ƙidaya ashirin ce fa kawai," in ji 'yarsa Tryphena, uwar Orrin. "Kai da ka tsaya gaban igwa?"

Labarin igwar nan gari ne ya ƙirƙira, shi dai bai taɓa musawa ba. Yau kunya ta kama shi.

"Buɗe abinka, yaro," ya ce.

Ya rufe baki, ya koma da tunaninsa wata gonar masara, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ranar da aka fi ƙarfinsu, kwanciya ya yi cikin gawawwaki, ido buɗe, ƙuda na yawo a leɓensa, sojojin Ingila suna bi suna soke duk wanda ya motsa. Abokinsa ya yi nishi, aka gama da shi. Asahel ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ashirin! Kai, madalla!" in ji mai hoton.

Hoton ya fito tas. Tryphena ta duba, murmushinta ya gushe.

"Baba, wannan ai kamar gawa. Yaya aka yi ka daina rawa?"

Ya faɗa mata duka, abin da ko mahaifiyarta ba ta taɓa ji ba.

"Ɗauko alƙalami," ya ce. "Ki rubuta wa yaron yadda na faɗa miki."

"Zai raina ka, Baba."

"Ya raina. Ki ce masa in an fi ƙarfinsu ya kwanta, kada ya yi nishi."

Ta tsoma alƙalamin a tawada, ta fara rubutu.