Takalman da Ta Ba Kaka da Turanci

Shiru-shiru ake ce mata a gida, don ko sallama aka yi sai ta waiga neman mai amsawa. Ga shi mai kantin magani ya ce zai ɗauke ta aiki in har za ta iya yi wa baƙi Turanci kanta a ɗage. Gobe da safe zai gwada ta.

Malamar da ke koya mata Turanci a ajin yamma ta hana ta hadda. Ta ce ta riƙa ɗaukar abu tana miƙa wa mutum tana faɗa: in bayarwa ce ta sa "to", in don mutum aka yi abin ta sa "for".

Yayarta dai dariya za ta yi mata, don haka ta nufi ɗakin Kaka, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci.

"I give the comb to you," ta ce, murya can ciki.

"Me kika ce, 'yar nan?"

"Na ba ki mataji."

"Allah ya yi albarka." Kaka ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Haka madubi ya bi, sabulu ya bi, har sababbin takalmanta. Bakinta ya fara sakewa, ita kuwa Kaka sai godiya.

Da gari ya waye ta shirya tsaf, ta leƙa ɗakin Kaka a hankali.

"Kaka, takalmana."

"Waɗanne? Nawa dai. Ga su a ƙafata, kamar an auna."

"Ai gwaji ne!"

"Ni ba a gaya mini gwaji da Hausa ba. Da Turanci aka ba ni, da Turanci za a karɓa."

"Give the shoes to me," ta ce, idonta a ƙasa.

"Da tabarma kike magana? Kunnena ya tsufa."

Ta dubi taga, rana ta ɗaga. Mai kanti ba zai jira ta ba. Ta ɗago kai, ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Kaka! Give the shoes to me!"

Har yayarta ta saki tsintsiya a tsakar gida.

Kaka ta tuɓe su tana ƙunshe dariya. "Ashe da murya a cikin nan! Haka za ki yi wa mai kanti. Amma madubin nan kam ya zama nawa."

Shiru-shiru ta zura takalman, da ɗuminsu, ta fita da sauri.