Haƙorin Hinda

Sau uku Bappa yana goyo matarsa Hinda a moto daga Dogo-Dogo zuwa Magarya saboda turmin haƙorinta da ya ruɓe, sau ukun kuma likitan haƙori bai ko ɗaga daga kujerarsa ba. Sai dai ya hango kuncinta, ya jawo takarda, ya rubuta ƙwayar amoksisilin. "Kumburin ya saɓe tukuna, sannan mu cire." Kumburi ya saɓe, su komo, ya ce yau mutane sun yi yawa, ta ƙara shan na kwana bakwai. Bawan Allah dai biro ya fi masa sauƙin ɗauka.

A zuwa na huɗu kumburin ya gangaro har wuya, jikinta zafi rau. Ta shanye ƙwayar tas, ciwon ko gezau.

Bappa na ganin hannun likita ya nufi takarda, ransa ya ɓaci, ya dafe teburin.

"Kar ka rubuta, likita! Ni makiyayi ne, ban yi karatun lakwal ba. Amma ko saniyata ce ta yi ƙurji, likitan dabbobi tsugunawa yake, ya fasa, ya matse mugunyar. Shi ya gaya mani in ana ta ɗura wa dabba magani ɗaya, ciwo sabawa yake da shi. Kai ba a koya maka ba? Ko iyalina ba ta kai saniya ba?"

"Malam, yi haƙuri, ai haka kowa ke yi..."

"Kowa wa? Tashi ka duba ta!"

Likita ya tashi kuwa, ya sa safar hannu, ya kunna fitila.

"Buɗe baki, Inna."

Hinda ta yi ƙoƙari har hawaye suka zubo mata. Muƙamuƙi ya kafe, ko yatsa ba zai shiga ba. Likita ya taɓa ƙarƙashin haɓarta, gumi ya keto masa.

"Wannan ya fi ƙarfina. Kumburin ya kusa toshe mata maƙogwaro. Ku tafi Damagaram yanzun nan."

Haƙori ɗaya! Aikin da bai kai dafa shayi daɗewa ba. Bappa ya dube shi sama da ƙasa, ya tallafi matarsa suka fita.

A cikin taksin Damagaram Hinda ta nuna gorar ruwa. Bappa ya kafa mata a baki, ruwan ya bi haɓarta ya jiƙa zane. Sai ya tsoma bakin rawaninsa a ruwan, yana matsa mata ɗigo-ɗigo ta tsakanin haƙora, yana sauraron numfashinta.