Yatsan da Na'ura Ta Sani

Adda, na haihu. Na san Dada ta gaya miki a waya, amma ni ban gaya miki da bakina ba. Namiji ne, kilo uku da rabi, gashi cike da kai. Umair aka sa masa. In yana barci sai ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar ɗan aji da ya san amsa. Babansa Bobboyi kuwa tun ranar bai ƙara zama majalisa ba, daga kasuwa sai gida, ya tsaya a kan yaro yana ta kallo.

To ga ɗayan labarin, shi ne ban gaya wa kowa ba.

Kin san bara na ɗage karatu lokacin da Baba ya kwanta asibiti. A kwalejinmu sau ɗaya ake ɗagewa. In ka sake rasa jarrabawa, sunanka ya fita ke nan. Kuma yanzu sai ka je ofishin ICT ka ɗora yatsa a na'ura, ta gane ka, sannan a buga maka katin shiga jarrabawa. Juma'a ƙarfe huɗu ake rufewa. Suna kuma ya faɗo Laraba.

Ni fa na yi dabara. Da mai lalle ta zo, na ce ta bar mini babban yatsan dama, don na ji ana cewa na'urar ba ta karanta yatsa mai lalle. Goggo Na'inna ta ce, "Wace irin mai jego ce wannan, yatsa ɗaya fari kamar lalle ya ƙare a kanta?" Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Sauran tara suka kama baƙi wuluk, ban taɓa yin ƙunshi mai kyansa ba.

Ranar Juma'a Goggo ta ce ba mai fita kafin arba'in. Sai da Bobboyi ya durƙusa mata. Na naɗe Umair a shawul, muka hau keke daga Namtari har Jimeta. Kezia 'yar ajinmu, ta unguwar Damilu, tana jira na a bakin get, ita ta karɓi yaron.

Babu netwok sai wajen ƙarfe ɗaya. Da ya dawo mutane suka ce a bar mai jego ta wuce. Mai kula da na'urar, Oga Nicodemus, ya ce, "Madam, sa hannu."

Na ɗora farin yatsana ina murmushi. Wuta ta nuna ja. Na goge a hijabi na sake. Ja.

Ya matso da fuskarsa jikin kwamfuta, ya kira sunana. "Sabuwa, ba wannan yatsa muke da shi ba. Manuni ne a nan, na hagu."

"Oga, kowa babban yatsa ya sa."

"Kowa ban da ke. An rubuta akwai filasta a hannu."

Adda, sai a lokacin na tuna. Shekara biyu da suka wuce, ranar da muka yi rajistar farko, wuƙa ta yanke ni ina yanka kuɓewa. Matar ta ce kawo wani yatsan, na miƙa, na manta.

Na ɗora manunin. Ja. Lalle ya cike zanen, ga ruwan zafin wanka ya sa fatar duk ta yamutse.

Madam Rhoda, mai buga katin, ta taso daga teburinta. "Amarya, wa ya miki wannan ƙunshi? Ya yi kyau, amma ya kashe mu." Ta kawo sanitaiza muka goge. Ta aika aka sayo lemun tsami. Wata ɗaliba ta ce omo da toka, wata ta ce ruwan bilic. Na zauna a bakin famfo bayan ofis ina dirza yatsa da dutse har ya fara jini. Umair yana kuka a hannun Kezia, nono ya jiƙa mini gaban riga, ban tashi ba.

Na koma. Oga Nicodemus ya dubi yatsan ya ce, "Yanzu kam kin ƙara ɓata shi."

Na ce, "To ku ɗauki wannan farin mana. Ga ni, ga hotona a kwamfutarku, ga Kezia ta san ni."

"Ni ma na san ki. Ba ni ne zan gane ki ba, na'ura ce. Canza yatsa kuma sai darakta, shi kaɗai ke da lambar shiga wurin."

"Yana ina?"

"Taro a Abuja. Sai Laraba."

Jarrabawa Litinin ce.

Ya kira shi a gabana har sau huɗu, waya a kashe. Madam Rhoda ta kira wani mataimakinsa, ya ce shi ba a ba shi lambar ba, tun da aka kama masu shiga wa wasu jarrabawa aka karɓe daga hannun kowa. Ba wanda ya yi mini tsawa, Adda. Da ma sun yi, da na sami wanda zan ji haushi.

Madam Rhoda ta ba ni takarda da biro ta ce in rubuta wa darakta. Turancina bai kai ba, Kezia ta riƙa faɗa ina rubutawa. Madam Rhoda ta karɓa ta sa a wani kwali a ƙarƙashin tebur. Na leƙa. Kwalin ya kusa cika, na ƙasan har sun canza kala.

Na ce, "Madam, ana amsawa kuwa?"

Ta gyara wa Umair hula ta ce, "Yaron nan ya yi kama da ke."

Ƙarfe huɗu saura minti biyar Oga Nicodemus ya ce in gwada na ƙarshe. Na yi bismillah na ɗora. Ja. Ya jira har agogo ya cika, sannan ya zare wayar na'urar ya naɗe ta.

A gida Bobboyi ya tambaye ni katin, na ce sai Litinin za a bayar. Goggo ta ga yatsan ta ce me ya cije ni, na ce ƙofar keke ce.

Kar ki gaya wa Dada tukuna, kin san yadda take gaya wa mutane 'yarta za ta zama malama. Litinin ƙarfe takwas su Kezia za su shiga. Ban san inda zan ce wa Bobboyi ya sauke ni ba.