Ruwan Baƙo a Gidan Dada

Shekarar da kuɗin fetur ya kai har ƙauyuka, kowane gida da rediyo sabuwa, a shekarar ce wani kamfani ya fara haƙar farar ƙasa a bayan wani ƙauye kusa da Ƙanƙara. Damina ɗaya aka yi, rafi ya koma kamar an zuba masa nono. Daga nan abin ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya iske rijiyar gidan Dada, mahaifiyar mai unguwa Lawwali, wadda rabin ƙauyen ke sha.

Dada ba ta son ƙorafi, amma ta gaji da ganin jikokinta suna riƙe ciki. Don haka da ta ji an turo ma'aikacin ruwa daga Kaduna, wai in ya auna ya ga ruwan ya ɓaci za a haƙa musu sabuwar rijiya nesa da ramukan kamfanin, har shewa ta yi a ɗaki.

Ma'aikacin, Malam Maharazu, ya iso a kan babur, da kwalabe cikin akwati. Rijiyar tana cikin gida, shi kuwa baƙon namiji iyakarsa zaure. Sai ya miƙa wa Lawwali kwalba ya ce a cika masa.

Dada ta karɓa, ta leƙa guga, ta ga abin da ke ciki. Mutum ya taso tun daga Kaduna, a ba shi wannan? A je a ɗaga shi a gaban manya a ce daga gidanta ya fito? Ta jira ɗanta ya koma zaure, ta buɗe randar baƙi, wadda ta sa wa alif tun jiya ruwan ya kwanta, ta tace da sabon ƙyalle, ta cika kwalbar. Har gogewa ta yi da bakin zane.

Bayan girbi Malam Maharazu ya dawo yana fara'a. Dada ta laɓe a bayan ƙofar zaure.

"Mai unguwa, albishirinka. Ruwanku ya fi na famfon Kaduna kyau. Sabuwar rijiyar sai mu kai ta wajen Faskari."

"Ruwanmu?" in ji Lawwali. "Malam, jakina ma sai ya yi shawara kafin ya sa baki."

"Na'ura ba ta ƙarya."

Dada ta dafa bango. Ita ma ta san na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta koma tsakar gida, ta dubi randar baƙi, ta dubi rijiya. Sannan ta zura guga. Ta ɗauko ƙwaryarta mai zane, ta zuba ruwan yadda ya fito, ta ɗora ludayi, ta rufe da faifai.

"Kai wannan," ta kira, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "zo ka kai ma baƙo ruwa."

Malam Maharazu ya buɗe faifai ya ga abu fari tas. "Allah sarki, har da farau-farau. Mutanen ƙauye akwai karamci." Ya yi bisimilla, ya ajiye ludayi, ya kafa kai.

Dada tana jin kurɓa ta farko, da ta biyu. Sai ƙaras-ƙaras na haƙori.

"Geron nan," ya ce a hankali, "ba a rege shi ba?"

"Babu gero ciki, ɗana," in ji Dada daga bayan ƙofa. "Haka take haifo shi."

"Wa?"

"Rijiyar."

Ya dubi ƙwarya, ya dubi Lawwali. Ya ɗauko sabuwar kwalba, ya ɗura sauran da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa ba.

Dada ta sa aka yanka masa zakara, ta dama fura ta gaskiya, don kunya ta hana ta zama. Da aka kai masa furar sai da ya murza ta a yatsa kafin ya sha.

Yana ɗaure akwati a kan babur ta ɗaga murya.

"Malam, za a haƙa?"

"Za a haƙa, Baba. Ni ne shaida."

"To alhamdu lillahi. Amma don Allah, in ka je Kaduna, ka ce a rafi ka ɗebo."