Wadda Ta Rage a Ciki

Ni a aikina akwai tambaya ɗaya da ba na tsallakewa, ko da maigida zai yi ta tsaki har bakinsa ya gaji. Kafin in saki gas a gida, sai na tara mutanen gidan a waje, na karɓe makullansu kaf, na dube su ɗaya bayan ɗaya na ce, "Akwai wanda ya rage a ciki?" Wasu dariya suke yi, wasu su ce sai dai garar da ka zo kashewa. Su yi ta dariyarsu. Gas ɗin da zai ratsa katako ya tarar da gara a raminta ya kashe ta, ba ya tsayawa tambayar ko kai mutum ne.

Gidan da zan ba ku labari tsoho ne, mai dogon baranda da ɗakuna a jere. Gara ta gama da shi tun daga ciki. Na danna babban yatsana a katakon ƙofar falo, ya nutse kamar na danna burodi. Abokin aikina Dogo ya kafa tsani ya leƙa cikin silin, ya sauko yana kakkaɓe garin katako daga gashinsa.

"Feshi ba zai yi ba," in ji shi. "Kasa kunnenka a bangon nan ka ji."

Na kasa kunne. Wani ƙas-ƙas ne siriri, ba ya tsayawa, kamar mutane da yawa suna taunar abu a ɗaki na gaba. Shekara da shekaru ina jin wannan ƙarar, amma har yau tana tayar min da tsigar jiki.

Wanda ya kira mu babban ɗan gidan ne. Mai Waya muka sa masa, ni da Dogo, don tun da muka zo wayar ba ta bar kunnensa ba. Kana yi masa bayani yana ɗaga maka yatsa, wai ka dakata. Akwai ƙanwarsa, Auta, wadda ke aure a layin baya, ita ce ke ta kwashe abinci da magunguna da tukwanen fulawa tana kai wa gidanta. Sai kuma mahaifinsu, wanda shi kaɗai ke kwana a gidan da mai kula da shi. Dattijo ne siriri, tsaf-tsaf da shi, ya ɗame maɓallan rigarsa har wuya. Ya gaishe ni, na amsa. Da na sake wucewa ya sake gaishe ni, kamar bai taɓa ganina ba.

"Haka yake yanzu," Auta ta faɗa min a hankali. "Wani lokacin ni ma sai ya tambaye ni 'yar gidan wa ce."

Muka shiga aiki. Kowace taga sai an rufe ta da leda mai kauri an bi gefenta da tef, kowace kafa a bango sai an toshe, har ramin da bututun ruwa ya bi. Muka buɗe kabad-kabad da durowoyi, muka jera fankoki a baranda don su kora gas ɗin lungu-lungu. Baba yana zaune a kujera kusa da akwatin kayan aikina, yana kallonmu kamar masu yi masa wasa.

Da na dawo ɗaukar almakashi, sai na tarar da akwatin a buɗe. Makullin kuwa yana aljihuna. Na juya zan sauke wa Dogo kwandon masifa, don na sha gaya masa akwatin nan ba a barin sa a buɗe a gidan mutane, sai na hango kwaɗon a kan gwiwar Baba. A ɗaya hannun yana riƙe da 'yar guntuwar waya da ya lanƙwasa.

"Kwaɗon nan naka ƙishirwa yake ji, ɗana," ya ce. "Ka riƙa ba shi mai."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai aikin Baba ke nan tun yana saurayi, gyaran kwaɗo da yanka makulli. Ta ce duk unguwar wanda ya kulle kansa a waje, Baba ake kira. Sunayen 'ya'yansa sun gudu daga kansa, amma yatsunsa ba su manta komai ba. Ni ma na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Na dubi kwaɗunan da na zo da su don kulle ƙofofin gidan, irinsu ɗaya da wanda ke kan gwiwarsa.

Da hantsi muka gama rufewa. Na zagaya ɗakunan ni kaɗai, na leƙa ƙarƙashin gadaje da bayan labule, na fito. Suka miƙo makullai na zuba a aljihu. Sannan na yi tambayata.

"Akwai wanda ya rage a ciki?"

Mai Waya ya girgiza kai, bai ma cire wayar ba. Auta ta ce babu. Sai Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Uwar yaran nan ba ta fito ba."

Nan take na ce wa Dogo kada ya kuskura ya taɓa tukunyar gas.

"Haba malam!" Mai Waya ya sauke wayar a karo na farko. "Mahaifiyarmu ta rasu tun tuni. Kada ka biye masa, ka yi aikinka."

"Yallaɓai, an ce min akwai mutum a ciki. Ko mahaukaci ne ya faɗa, sai na duba, balle mai gida."

Na koma. Ɗakinta ne na ƙarshe a baranda. An gyara gadon, ga tabarau a kan tebur, ga mayafi a rataye a bayan ƙofa, ga kwalbar man shafawa da ta bushe. Babu kowa sai ƙas-ƙas ɗin nan a cikin silin. Na fito na durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, na duba ko'ina. Babu kowa."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa sabon ɗan koyo. "Ba ka duba da kyau ba. Barcinta nauyi gare shi."

"Ta mutu, Baba!" Mai Waya ya daka masa tsawa. "Sau nawa za a gaya maka? Ta mutu!"

Na ga maganar ta shige shi kamar yau ya fara jin ta. Hawaye suka zubo masa, ya kama hannun Auta, ta rungume shi tana harar yayanta. Kafin mu gama naɗe tsani, hawayen sun bushe, ya manta. Ya juyo yana kallon ƙofar gidan, yana tambayar Auta me ya sa aka liƙe wa uwarta taga.

Na ja Mai Waya gefe. Na ce masa gidan nan sai an sa mai gadi a ƙofa har lokacin da zan dawo in buɗe, kuma ina da mutumin da ke yi min wannan aikin. Ya ce shi ba ya son baƙo yana zaune a ƙofar gidansu, maƙwabta suna kallo. Na ce to in babu mai gadi, babu gas, in kwashe ledata in tafi. Muka yi ta sa-in-sa har Dogo ya shiga tsakani.

"Shi ke nan, ni zan zauna," in ji Mai Waya. "Ga motata nan, a ciki zan yi aikina. Da dare kuma ka turo mutumin naka. Baba kuwa yana gidan Auta, a kulle. Ka gamsu?"

"A kulle da me?" na ce.

Bai gane tambayar ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga min yatsa.

Auta ce ta yi min alkawari ba za ta ɗauke ido daga kansa ba. Na datse ƙofar gaba da ta baya da kwaɗunana, na manna jan allon gargaɗi mai hoton ƙoƙon kai a kowace ƙofa. Muka fara sakin sinadarin nan mai sa hawaye, wanda ake haɗawa don duk wanda ya yi kuskuren shiga gidan, idonsa ya kama wuta ya juya da gudu, saboda shi gas ɗin kansa ba shi da wari ko kaɗan. Sannan Dogo ya murɗa kan tukunya. Tiyo ya ɗan motsa a ƙasa kamar maciji, ya lafa. Daga waje ba ka ganin komai, sai ledar tagogin da ke kumbura tana lotsawa da iskar fankoki.

Da Auta ta ja shi za su sha kwana, Baba ya waiwayo. Ba ni yake kallo ba, kwaɗon yake kallo.

Muka wuce wani aikin, filin ciyawar wani ofis da tururuwa ta yi wa gidaje. Aikin da nake yi ido rufe, ranar sai da na auna magani na zubar na sake aunawa. Dogo ya ce wai ko ban karya ba ne. Na ce ya rufe min baki. Na kira Mai Waya, layinsa a cike. Na sake kira, a cike. Raina ya ƙi kwanciya, har na fara wanke tankin feshi tun ba mu kai ƙarshen filin ba.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Auta ce.

"Don Allah malam, Baba yana wajenku?"

"Wajenmu kamar yaya?"

"Ya kwanta barci, na kulle ƙofar waje da makulli, na shiga wanka. Na fito na ga ƙofar a buɗe. Na kira Yaya, ba ya ɗauka."

"Ki ruga gidan. Ki tsaya a bakin titi. Ko me kika gani, kada ki shiga, kin ji ni? Kada ki shiga!"

Ban san yadda na tuƙa motar nan ba. Dogo yana kiran motar asibiti, yana haɗa min abin rufe fuska da tukunyar iska a kan cinyarsa. Da muka shawo kwanar layin, abin da na fara nema motar Mai Waya ce. Babu ita. Daga baya na ji wai an kira shi wani taro ne, ya ce yanzu zai dawo. Har gobe in na tuna da wannan "yanzu" sai in ji jinina ya tafasa.

Ƙofar gaba tana nan a datse. Na ji wani sanyi-sanyi, na zagaya baya da gudu. Auta na tsaye jikin katanga, ta toshe bakinta da hannu biyu. Kwaɗona yana ajiye a kan dakali, a buɗe, da 'yar wayar a gefensa. An yanke tef ɗin ƙofar a miƙe, aikin mai hannu, an tura ƙofar an mayar. Ga takalmansa a jere a bakin ƙofa, ya cire su kafin ya shiga, kamar ba komai.

Na ɗaura abin fuska na faɗa ciki. Gidan duhu-duhu saboda ledar, fankoki na ta juyawa, numfashina kawai nake ji a kunnena. A baranda na ga inda ya dafa bango, na ga kujerar da ya ture. Sinadarin hawayen nan, ƙato majiyi ƙarfi ba ya iya taku biyu a cikinsa. Dattijon nan ya bi dogon barandan tun daga farko har ƙarshe. Sai a lokacin na lura da wani abu: silin ya yi tsit, ƙas-ƙas ɗin ya daina.

A ɗakinta na same shi, a durƙushe a gefen gado. Ya yaye bargon, ya ɗaga matashin kai, mayafinta na hannunsa. Na sungume shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, na fito da shi har tsakiyar titi inda iska ke kaɗawa. Dogo ya kwance masa maɓallan wuya. Fuskarsa sharkaf da hawaye, idanun sun yi jawur, ƙirjinsa na wani irin kuka kamar tsohuwar ƙofa. Auta ta ɗora kansa a cinyarta tana kiran Baba, Baba.

Na cire abin fuskata. Ya buɗe ido da ƙyar, ya laluba ya kama gaban rigata. Ƙarfin yatsun nan ya ba ni mamaki.

"Ɗana," ya ce. "Ta fito?"

Na dubi Auta. Ta gyaɗa min kai.

"Ta fito, Baba," na ce. "Ni na fito da ita. Gaskiyarka ne, barci take yi, ban duba da kyau ba."

"Na gaya maka," ya ce.

Ya saki rigata, kukan ƙirjin nan ya tsaya cak. Jiniyar motar asibiti tana tahowa daga can babban titi, amma Auta ta riga ta daina kiran sunansa, mayafin kawai take ta gyara masa a ƙirji. Muna nan a haka motar Mai Waya ta shawo kwana a hankali, ya faka a inda ya ce zai zauna, ya fito da wayar a kunne, ya ɗaga mana yatsa ɗaya wai mu dakata.